Kiredit 32 kafin shiga jami'a: abin da muka gani ni da 'yata a Ohayo

A watan Janairun 2022 'yata ta fari, tana aji na 10 a lokacin, ta ajiye min wata takarda a teburin cin abinci ta ce, "Abba, an ce iyaye su zo taro ranar Talata bayan magariba, kan maganar kiredit ɗin jami'a." Aikin dare nake yi a wani ɗakin ajiyar kaya, idona cike da barci, na ɗaga takardar na ga wasu haruffa a jere: AP, IB, CCP. Kalma ɗaya ce na ɗauka na gane, ita ce kiredit, ashe ita ma ban gane ta ba. Mu a gida in an ce kiredit, tunaninka WAEC ne, kiredit biyar har da Turanci da lissafi. A Amurka kuwa kiredit ma'aunin nauyin darasi ne, abin da ɗaliban jami'o'inmu ke ce wa yunit. Darasi ɗaya na zango guda yawanci kiredit 3 ne, digirin farko kuma kusan 120 yake ci. Abin da takardar ke cewa shi ne yaro zai iya fara tara waɗannan tun yana sakandare, wadda a nan take kamawa daga aji na 9 zuwa na 12.

Na je taron ana zuba ƙanƙara, na zauna a kujerar baya ta ɗakin karatun makarantar da rigar sanyina a jiki. Malamar da ke ba ɗalibai shawara ta yi bayani na kusan awa ɗaya, tana sauya hotuna a allo da saurin da ban iya bi ba. Abu guda ya zauna min a kai: akwai shirin da yaro zai yi darussan jami'a kyauta, har littattafai. Nan take na fassara wa kaina abin da na sani. Ni IJMB na yi bayan sakandare, shirin nan da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ke kula da shi, darussa uku, ka ci jarrabawa ka shiga aji biyu na jami'a kai tsaye. Sai na ce to ai wannan IJMB ɗinsu ne, bambancin kawai ba a biya. Da wannan fahimtar na koma gida na shaida wa uwargida cewa yarinyar nan za ta tsallake shekara guda a banza. Ta dube ni ta ce, "Malam, banza ba ta kai zomo kasuwa, ka koma ka tambaya da kyau."

Kafin in koma makarantar sai da na bi ta masallaci, kuma a nan kaina ya ƙara ɗaurewa. Wani bawan Allah ɗan Kumasi ya rantse min AP ce kaɗai manyan jami'o'i ke girmamawa, sauran duk ɓata lokaci ne. Wani ya ce ɗansa ya gama sakandare da difloma ta shekara biyu a hannu ta hanyar CCP bai biya sisi ba. Maƙwabcina Alhaji, mutumin Maraɗi, ya ce shi duk bai san waɗannan ba, abin da aka gaya wa ɗansa CLEP ne. Kowa gaskiyarsa ya faɗa, sai dai kowa yana magana ne kan ɗansa da jami'ar da ɗan ya shiga.

Na nemi ganin malamar ta imel, aka ba ni rana bayan mako biyu, minti 20 kacal. Na tafi da 'yata da ɗan littafin rubutu. Malamar ta ɗauki farar takarda ta ja layi ta raba ta uku, kuma wannan takardar har yau tana cikin fayil ɗina. A gida na farko ta rubuta AP. Darasi ne da malamin sakandare ke koyarwa a cikin makarantar tsawon shekara, bisa manhajar wata hukuma mai suna College Board, wadda ke shirya SAT, jarrabawar neman shiga jami'a. A watan Mayu ake zana jarrabawa guda ɗaya a duk faɗin ƙasar, a ba da maki daga 1 zuwa 5. Ko yaro ya yi shekara yana cin A a aji, kiredit ɗin jami'a yana rataye ne da abin da ya yi a wannan yinin. A gida na biyu ta rubuta CCP, wato College Credit Plus, sunan da jihar Ohayo ta raɗa wa tsarin da yaro ke zama ɗalibin sakandare kuma ɗalibin kwaleji a lokaci guda. Tun shekarar karatu ta 2015 zuwa 2016 ake yin sa da wannan suna, daga aji na 7 har na 12. A nan babu wata babbar jarrabawa ta ƙasa. Darasin kwaleji ne na gaske, da malamin kwaleji ko malamin sakandaren da kwalejin ta amince da shi, kuma sakamakon da ka samu a ƙarshen zango shi ne naka. Sai ta ja layi biyu a ƙarƙashin wata jimla ta ce in karanta da kaina: sakamakon yana shiga takardar kwaleji, ba ya gogewa. Na gyaɗa kai kamar na ji. Shekara guda bayan nan na ji shi da gaske.

Gida na uku IB ne, kuma makarantarmu ba ta yin sa, sai wata a can ɗaya gefen gari. Mun je mun gani wata Asabar da suka buɗe wa iyaye ƙofa. Tsari ne da aka kafa a Janiba ta ƙasar Suwizalan a 1968, yana cin shekara biyun ƙarshe na sakandare gaba ɗaya. Darussa shida ake ɗauka, aƙalla uku a babban mataki, kowanne maki 1 zuwa 7, ga wani dogon rubutun bincike na kalma 4,000, ga darasin nazarin yadda ake sanin abu, ga ayyukan taimakon jama'a. Jimillar maki 45 ce, ana bukatar 24 kafin a ba ka shaidar. Gaskiya ya burge ni, don shi ya fi kama da karatun da muka sani na A-Level, kuma wanda ke tunanin tura ɗansa Ingila ko wata ƙasar Turai ya kamata ya dube shi da kyau. Amma wani malami a wurin ya faɗa min ba ɓoye-ɓoye cewa jami'o'in Amurka da yawa darussan babban matakin kawai suke ba wa kiredit, kuma sai maki ya kai 5. Wato yaro zai sha wahalar shida a biya shi uku. Ga shi sai ta sauya makaranta, ta bar ƙawayenta, ta riƙa fita tun duhun asuba. A mota muna dawowa ta ce, "Abba, ni dai ba zan iya ba." Ban matsa ba.

Muka tsaya kan haɗa AP da CCP, don babu dokar da ta hana. Matakin farko na CCP takardar bayyana niyya ce da ake miƙa wa makaranta kafin ranar 1 ga Afrilu ta wuce. Ba ta ɗaure ka ba, za ka iya fasawa daga baya, amma in ranar ta wuce sai ka nemi alfarmar shugaban makaranta. Ni kuwa na ajiye ta cikin aljihun mota na manta. Ranar Juma'a 1 ga Afrilun 2022, ana shirin ɗaukar azumi washegari, 'yata ta bugo min waya ina hanyar masallaci. Da jallabiyata na shiga ofishin makarantar na miƙa takardar, saura awa biyu a tashi.

Daga nan sai neman gurbi a kwalejin shekara biyu da ke kusa da mu, ta intanet, ba kuɗin fom. Matsakaicin makinta na sakandare ya haura 3.0 cikin 4.0, wanda ya ishe ta shiga shirin, amma kwalejin ta ce sai ta yi gwajin tantancewa na kwamfuta kafin a bar ta ta ɗauki lissafi ko kimiyya. Na kai ta wata Alhamis, na zauna a baranda awa biyu ina kallon masu wucewa, wasunsu sa'o'ina ne, har da mai furfura riƙe da jakar littattafai. A nan na fara gane inda zan kawo yarinya 'yar shekara 16. Cikin takardun da aka ba mu akwai wadda iyaye ke sa hannu cewa sun san darasin kwaleji na iya taɓo maganganun manya, kuma ba za a sassauta shi don akwai yaro a aji ba. Wannan takardar ta kwana uku a gidanmu ba a sa mata hannu ba. Uwarta ta ce, "Yanzu cikin ƙartai za ka kai min 'ya?" Daga ƙarshe muka daidaita: darasi ɗaya a harabar kwalejin da hantsi, ni zan kai ta in ɗauko ta tunda da rana ina gida, ɗayan kuma ta intanet a ɗakinta. A lura, motar makaranta ba ta kai yaro kwaleji. Man fetur da barcin rana duk daga aljihuna suka fita.

Akwai wani lissafi da malamar ta yi mana wanda ban ji an ambata a taro ba. Jihar tana biya wa yaro kiredit 30 ne a shekara, amma kowane darasin sakandare na shekara guda da yake ɗauka ana cire masa 3. Ita tana da darussa biyar a makaranta, aka cire 15, saura 15. In ta wuce haka, mu za mu biya. Ta ɗaya ɓangaren kuma darasin kwaleji mai kiredit 3 na zango guda yana tsaya mata a madadin darasin sakandare na shekara cur. Turancin da ta yi daga Agusta zuwa Disamba ya rufe mata Turancin aji na 11 baki ɗaya. Wannan zangon ya tafi lafiya lau: rubutun Turanci da ilimin halayyar ɗan Adam, A da B, kiredit 6, littattafai kyauta, sai dai a mayar in an gama.

A makaranta kuma tana AP biyu, tarihin Amurka da bayoloji. Abin da ya ba ni mamaki shi ne jarrabawar Mayu tun watan Nuwamba ake rufe rajistarta, makarantu ma sukan sa nasu wa'adin kafin nan. Kowace jarrabawa dala 97 ce a wannan shekarar. Na biya ta tarihi, na ce ta bayoloji a bari sai albashi ya shigo, albashi ya shigo wa'adi ya wuce, aka ɗora min tarar dala 40. Jimilla dala 234. Laifina ne, saƙon yana cikin imel ɗina ban buɗe ba. Masu ƙaramin ƙarfi ana rage musu kuɗin, amma sai ka buɗe baki ka tambayi mai kula da jarrabawar a makaranta.

Zango na biyu ne ya koya mana hankali. Da na ga A da B sai kaina ya yi girma. Yarinya tana son likitanci, na ce to me ake jira, ta ɗauki kemistiri na kwaleji, kiredit 4 har da ɗakin gwaji, ta haɗa da darasin iya magana a gaban jama'a. Malamar ta ɗan yi jim ta ce kemistirin kwaleji a mako 16 ake gama abin da sakandare ke yi a shekara, ga AP biyu a kanta. Na ce za ta iya. Taura biyu ma ba ta taunuwa, ni na cusa mata huɗu. Kalandar kwaleji daban take da ta makaranta, hutun tsakiyar zangonsu bai zo mako ɗaya ba, don haka ba ta huta ko ɗaya ba: makon da makaranta ta rufe tana ɗakin gwaji, makon da kwaleji ta rufe tana aji. Malamin kwaleji kuma ba ya bin ka da tuni. Ranar farko ya raba takardar tsarin darasi mai ɗauke da ranakun gwaji duka, shi ke nan. Gwajin farko ta ci 58, ta ninke takardar ta cusa cikin jakar da take ajiye tabaran ɗakin gwaji. Sai da azumi ya kama a ƙarshen Maris, uwarta ta same ta bayan sahur tana kuka a kan littafi, sannan maganar ta fito.

Washegari na tafi kwalejin da zafina, in ji yadda aka yi yarinya ke nutsewa ba wanda ya kira ni. Na ciri lamba na jira minti 40. Matar da ke teburin karɓar jama'a ta saurare ni har na gama, sannan ta ce ba za ta iya gaya min komai ba. Na ce ni ne mahaifinta, shekararta 17 ba ta cika ba, na fito da katin shaidata. Ta ce akwai dokar tarayya ta 1974 da ake kira FERPA, wadda ta ce da zarar ɗalibi ya shiga makarantar gaba da sakandare, ko shekararsa nawa, bayanan karatunsa nasa ne. In ina son su yi magana da ni, sai ita ta sa hannu a fom ta ba ni izini. Na fito na zauna a mota na jima ban tayar ba. 'Yar da na yanka wa rago ita ce za ta ba ni izinin jin sakamakonta. Da yamma ta sa hannun ba musu, tana ta ba ni haƙuri, ni kuwa na san wanda ya kamata ya ba da haƙurin.

Da muka koma tare aka shimfiɗa mana zaɓin, gaba kura baya sayaki. Damar ajiye darasi ba tare da wata alama ba kwana 14 ne daga fara shi, ta wuce tun Janairu. In ta janye yanzu za a rubuta mata W, alamar janyewa, a takardarta, kuma hukumar makarantarmu na da ikon neman mu biya kuɗin darasin, wanda aka ƙiyasta mana ya haura dala 600. In ta faɗi ma haka ne, ga F a kai. Iyalan da aka tabbatar masu ƙaramin ƙarfi ne, irin waɗanda 'ya'yansu ke cin abincin makaranta kyauta, ba a neman su biya, amma mu albashina ya ɗara layin da kaɗan. Sannan in matsakaicin makinta na kwaleji ya sauka ƙasa da 2.0, zango mai zuwa darasi ɗaya kawai za a bar ta ta ɗauka. Ta zaɓi ta ci gaba. A nan ne muka gano kwalejin na da ɗakin da ake ƙarin bayani kyauta, kuma malamin na da sa'o'in da yake zama a ofis don masu tambaya, duk suna rubuce a takardar nan ta ranar farko. Sauran azumin a can ta yi shi, ni ina mota ina gyangyaɗi. Ta fito da C.

Mako guda bayan jarrabawar kemistiri ta shiga ta AP, kowacce wajen awa uku. Sakamako ya fito farkon Yuli: tarihi 4, bayoloji 2. Bayolojin ne ya biya bashin kemistiri, don ba ta samu lokacin bita ba. A Ohayo duk jami'ar gwamnati dole ta ba da kiredit ga wanda ya ci 3 zuwa sama, don haka 2 ba ta kawo komai, dala 137 ɗina ta bi ruwa. Na yi ta jimami, sai malamar ta nuna min abin da ban hango ba. Wannan 2 ɗin ba ta cutar da ita da komai: a fom ɗin neman jami'a ɗalibi ke zaɓar makin AP da zai rubuta, in ya so ma ya nemi a ɓoye wa wata jami'a shi, kuma makin ajinta na bayoloji a sakandare yana nan da kyaunsa. Amma C ɗin kemistiri, wanda ci ne ba faɗuwa ba, shi zai bi ta. Ranar da za ta nemi makarantar likitanci, sai ta kawo takardar sakamako daga kowace kwaleji da ta taɓa zama, har wadda ta yi tana 'yar sakandare, kuma a haɗa makin cikin lissafinta.

A aji na 12 muka sassauta. Turanci na biyu da ƙididdiga a zangon farko, ilimin zamantakewa a na biyu, duk daga jerin darussan da jihar ta tabbatar suna bin ɗalibi zuwa kowace jami'ar gwamnati a Ohayo, wanda ake kira Ohio Transfer 36. Da tun farko na san da wannan jerin, da shi zan fara dubawa. AP kuma ɗaya tak, lissafin kalkulas, dala 98, na biya tun Satumba. Kiredit ɗinta na kwaleji ya tashi 22.

A wannan shekarar ne Alhaji ya kira ni in raka ɗansa CLEP, don shi Turancinsa bai nuna ba. Yaron ya yi firamare da Faransanci a Nijar kafin su zo. CLEP jarrabawa ce kawai, ba aji ba malami, ita ma ta College Board, kana ganin ka iya abu sai ka yi rajista ka je cibiya ka zauna gaban kwamfuta. Dala 93 ya biya da ɗan kuɗin cibiya, minti 90, yana tashi makinsa ya fito a allo, ya wuce 59 da nisa, kwalejin da zai shiga ta ba shi kiredit 9 na Faransanci. Abin da 'yata ta yi darussa uku tana nema, shi ya samu kafin azahar. Harsunan da ke cikinta Faransanci ne da Jamusanci da Sifaniyanci, Hausarmu ba ta ciki, da ni ma na zauna. Duk ɗan Nijar ko Kamaru ko Chadi da ke da yaro mai jin Faransanci ya duba wannan, amma ya fara tambayar jami'ar, don ba kowacce ke karɓar CLEP ba, musamman masu tsadar shiga.

Ta samu gurbi a wurare biyu da muka ɗauka da muhimmanci: wata jami'ar gwamnati a cikin jiha, da wata mai zaman kanta a wata jihar. Abin farin ciki, duk yawan kiredit ɗinta a matsayin sabuwar ɗaliba aka ɗauke ta, tunda kafin kammala sakandare ta tara su, don haka ba ta rasa tallafin 'yan shekarar farko ba. Na buga waya ofishin rajista na mai zaman kanta, aka yi ta miƙa ni daga wannan zuwa wancan, na huɗu ne ya ba ni amsa. Ƙa'idarsu ita ce duk darasin kwalejin da aka lissafa wa yaro cikin sharuɗɗan kammala sakandare ba sa ƙirga shi, haka wanda aka yi ta intanet. AP kuma sai 4 ko 5. Da muka bi ɗaya bayan ɗaya, daga duk wahalar shekara biyu tarihi kawai ya tsira. Ɗan Kumasin nan ashe irin wannan jami'ar yake nufi. Ta gwamnatin kuwa ta karɓi 22 ɗin duka, ta ba ta 6 a tarihi, da sakamakon kalkulas ya fito a Yulin 2024 da maki 3 aka ƙara mata 4. Kiredit 32. Can muka zaɓa, ba don wannan kaɗai ba, amma ya yi nauyi a sikelin. A kula da wani abu: takardar sakandare ba ta isar da kiredit ɗin kwaleji. Sai ɗalibi ya nema daga kwalejin da kansa, ya biya 'yan daloli, a aika kai tsaye. Makin AP ma daga College Board ake aikawa, sau ɗaya kyauta in ka zaɓi jami'ar kafin 20 ga Yuni, bayan nan dala 15. Mun kusa zuwa ranar rajista ba a aika ta kwalejin ba, don na ɗauka makaranta ta yi.

Ranar zaɓen darussa a jami'a aka ƙara rage min murna. Mai ba ta shawara ya buɗe jadawalin digirinta ya ce karɓar kiredit daban, amfani da shi daban. Darasin iya magana an karɓa, amma ba shi da gurbi a digirin nata, yana zaune ne a gefe. Kemistiri kuma ya ba ta shawarar ta sake shi, don C ba tushe ba ne ga mai shirin likitanci, kuma na gaba a kansa ake ginawa. Sake shi ba zai goge na farko ba, duka biyun za su fito. Ya kuma gargaɗe ta cewa wasu makarantun likitanci ba sa karɓar kiredit ɗin AP a madadin darussan kimiyyar da suka wajabta. Cikin 32, guda 25 ne suka shiga aiki. Tunda kuɗin zango dunƙule ake biya ga mai cikakken karatu, ribar ba ta fitowa sai in yaro ya gama da wuri. Da 25 zango ɗaya ta rage, in ta haɗa da darussan hutun bazara ya zama shekara. Ba IJMB ba ce, ba wanda ke ɗaga ka aji sukutum, ɗaiɗai ake ƙirga maka.

Masu tambayata a masallaci yanzu nakan ce su fara daga jami'a su dawo baya. Kusan kowacce tana da jadawali a shafinta da ke nuna makin AP, IB da CLEP da take karɓa da darasin da zai maye, kuma ofishin rajista na amsa tambaya kan darussan kwaleji in ka ba su sunan darasin da lambarsa. Sai kuma a dubi halin yaron. Mai ƙoƙarin yau da kullum da jarrabawa ke firgita shi, CCP ta fi masa. Mai kaifin kai da ke iya tattara shekara a yini ɗaya, ko mai hangen jami'o'in nesa, AP. Darasin da yaro zai gina sana'arsa a kai, ni dai ba zan sake gaggawar kai shi kwaleji ba. Wanda ke wata jiha kuma kada ya ɗauki dokar Ohayo ya tafi da ita: a Minesota sunan shirin PSEO, tun 1985 suke yi, a jihar Washinton Running Start, a wasu jihohin kuwa iyaye ne ke biyan wani kaso ko kuɗin littattafai.

Ƙaninta yana aji na 10 bana. Takardar niyyarsa na miƙa ta tun Fabrairu, ya sa hannu a fom ɗin izini tun kafin in nema, darasi ɗaya zai fara da shi, Turanci. Yayarsa ce ta ɗauki jan biro ta je jikin kalandar sallah da ke manne a firij, ta ƙirga kwana 14 daga ranar da zangon zai fara, ta zagaye ranar.